Baba Magini ya rasu, ginin Islamiyya ya tsaya a linta

Mai Kula da Zaure:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jama'a, ga waɗanda labari bai iso gare su ba, Allah Ya yi wa Baba Magini rasuwa, an yi jana'izarsa jiya bayan Azahar. Duk wanda ya taɓa aza bulo a garin nan ko ƙauyukan da ke kan hanyar Ringim ya san shi. Da tubali da azara ya fara yana yaro a hannun mahaifinsa, ya ƙare da bulo da rodi, kuma bai ajiye cokali ba sai da ciwon baya ya kwantar da shi a ƙarshen damina. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makoma, Ya ba iyalansa haƙuri.

Bayan ta'aziyya, ga abin da ya kawo ni. Ajujuwa biyu na Islamiyyar unguwa da yake ginawa sun tsaya a daidai linta. Bulo ya kai jeri 9, ba a zuba ba. Kowane aji ƙafa 20 ne da 24, suna jere, bango ɗaya ya raba su. Kwamitin makaranta yana son a ƙarasa kafin ruwa ya sauka, kuma a ƙarasa yadda shi da kansa zai ƙarasa. Masu sana'a, ku ba mu haske: me ya rage, kaya nawa ne, kuma yaya za a yi da lissafin jingarsa?

Tsohon Birkila:
Allah Ya gafarta wa Baba, Ya kyautata namu zuwan. Kafin a hau sama, wanda zai karɓi aikin ya fara sanin abin da ke ƙasa, tunda a kansa zai ɗora nauyi. Tsarin Baba a harsashi sananne ne, kuma bai taɓa canza shi don mai gida ya ƙosa ba. Bango mai inci 9, faɗin rami inci 27, wato kaurin bango sau uku. Zurfi kuwa ba ya yanke shi da baki. Lebura zai yi ta haƙa har sai baƙar ƙasar sama mai saiwoyi ta ƙare, an iske wadda diga ke tsalle a kanta. Ko an same ta da wuri, ba ya yarda a tsaya ƙasa da ƙafa 3. In aka faɗa tsohuwar masai, ko ramin da aka taɓa ɗiban ƙasa aka cike da shara, sai an kwashe har an kai ƙasa ta asali. Yawancin tsagar da kuke gani ta tashi daga kusurwar taga ta yi sama a karkace, daga irin wannan wuri take: wani ɓangare na ginin ya zauna, wani bai zauna ba.

Kusurwa da igiya yake fitar da ita: ƙafa 3 a wannan gefe, 4 a wancan, tsakaninsu dole ya ba da 5. Sannan ya auna ɗakin a gicciye, daga kusurwa zuwa wadda ke kallonta, ta fuska biyu. In awon bai zo ɗaya ba, a tuge turaku a sake. Daidaiton tsayi kuma da siririn tiyo mai ruwa a ciki, ya bi kowace kusurwa yana sa alama. Kankaren harsashi buhu 1, yashi kwanon sarki 6, tsakuwa 12, kauri inci 6 zuwa 9. Bulon da ke cikin ƙasa duk sai an cike ramukansa da kankare. Tun ambaliyar 2022 da ta kayar da gidaje da yawa a Jigawa ya ƙara jeri, ba ya zuba daɓe sai gini ya ɗaga jeri 3 ko 4 sama da hanya. Ciko kuma inci shida-shida, a yayyafa ruwa, a daddaka, sannan a ƙara. Wanda ya juye tifa guda ya baje ya zuba daɓe a kai, bayan damina biyu zai ga daɓen ya lotsa a tsakiya ya tsage.

To, ƙasan ginin nan ba shi da abin tsoro. A ɗora.

Mai Ɗaurin Rodi:
Amin. Ga lissafin linta. Baba ba ya yin ta guntu-guntu a kan ƙofa da taga kaɗai, zagaye yake yi ta ɗaure ginin duka, haka za a yi a nan. Tsawon bango: 48 sau biyu, 20 sau uku, jimla ƙafa 156, kusan mita 47 da rabi. Kauri inci 9 da 9. Rodi mai 12, wato mai kaurin milimita 12, guda 4 a ciki, biyu sama biyu ƙasa, mita 190 ke nan. Sanda ɗaya mita 12 ce, to sanda 16, a ƙara 2 saboda haɗi da kusurwa, 18. Zoben da ke ɗaure rodin huɗu kuma da rodi mai 8, tazarar inci 10, zai kai zobe 190, kowane yana cin kamar santimita 80, sanda 13. Kankaren zai kai kubik mita 2.4. A kwaɓin 1:2:4, wato awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, siminti buhu 15 zuwa 16 ne, yashi baro 16, tsakuwa baro 32, in baron mai cin kwanon sarki 4 ne.

Wanda za a aika sayen rodi ya tafi da sikeli. Cikakkiyar sandar mai 12 nauyinta kusan kilo 10.6 ne, mai 8 kuma kilo 4.7. Akwai wanda sunansa mai 12 amma a awo bai kai ba, wani ma tsawon ne aka gutsure. Baba yakan kuma lanƙwasa bakin sanda ɗaya a gaban mai shago. In ta nuna tsaga a lanƙwasar, bai saya ba.

Injiniya:
Lissafin nan daidai ne, Malam. Zan ƙara abubuwa uku da suke kashe linta ko da kaya sun cika.

Na farko, rodi ya kwanta a kan bulo ko ya jingina da katako. Dole a bar inci 1 na kankare ta kowace fuska. A yi 'yan gutsattsarin siminti a ɗaura a ƙarƙashin zobe su ɗaga shi. In ba haka ba danshi ya iske ƙarfe, ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki. Na biyu, haɗi. Sanda ta hau kan 'yar'uwarta aƙalla santimita 60, kada haɗi huɗu su taru a wuri ɗaya, kada kuma haɗin rodin ƙasa ya faɗo a tsakiyar taga. A kusurwa a lanƙwasa rodi ya shiga ɗaya bangon, ba a yanke shi a baki su gaisa kawai ba. Na uku, ruwa. Jarka ɗaya mai lita 25 ta ishi buhu ɗaya, in yashi a jiƙe yake ma a rage. Leburori suna son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin zubawa, amma ruwan da ya wuce kima idan ya ƙafe ƙananan ramuka yake bari, ƙarfi ya ragu. A zuba da kauri, a riƙa soka sandar ƙarfe ana bubbuga katako da guduma don iska ta fita. Kwaɓin da ya fara daskarewa kada a farfaɗo da shi da ruwa, a zubar.

Tambaya: akwai ginshiƙai a ginin?

Tsohon Birkila:
Akwai, Yallaɓai. Kusurwa huɗu, mahaɗar bangon tsakiya biyu, da ɗaya a tsakiyar kowane dogon bango na kowane aji. Ya bar rodinsu tsaye sama da jeri na tara don su shige cikin linta.

Injiniya:
Madalla. A kankare tsatsar da ta hau su da burushin waya kafin a zuba.

Mai Gidan Bulo:
Allah Ya jiƙan Baba. Bulon sama da linta: ƙafa 156, kowane bulo da simintinsa yana cin ƙafa ɗaya da rabi, jeri ɗaya 104. Jeri 3 ya ba da 312, a sa 330 saboda fashi. In za a tayar da bango mai kusurwa uku a gefuna biyu don rufi, a ƙara 100. Simintin ɗorawa kuma buhu ɗaya ga bulo kamar 50.

Amma ina son a yi mana adalci. Kowa ya san Baba ya sha mayar da mota cike da bulo, kuma mutane suna ba da labarin kamar masu buga bulo duk macuta ne. Gaskiya ce, buhu ɗaya ya kamata ya fitar da mai inci 9 guda 25 zuwa 30, kuma gaskiya ce a kasuwa ana fitar da 40, 45, har fiye. Sai dai lokacin da buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024, mai saye bai yarda kuɗin bulo ya bi shi ba. Ka buga mai kyau ka faɗi kuɗinsa, ya tsallaka gidan bulo na gaba. Mai saye shi ma yana da hannu a lalacewar nan.

Tsohon Birkila:
Alhaji, an ji uzurin, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma yara ne za su zauna a ƙarƙashin bangon nan. Baba bai taɓa zagin mai bulo ba, gwaji yake yi a gabansa. Ya ɗaga bulo zuwa ƙugu ya sake shi a kwance kan ƙasa mai tauri: mai kyau bakinsa kawai zai gutsure, marar kyau ya watse. Ya karce gefensa da ƙusa: in yashi na zuba, siminti bai isa ba ko ba a ba shi ruwa ba. In mai gida ba zai iya sayen mai kyau ba, mafitarsa ita ce a sayo siminti da yashi, a ɗauko mai bugawa ya buga a filin ginin, shi yana ƙirga buhu. Ba ya bari a wuce 28. A yi ta ba shi ruwa safe da yamma kwana 7, kada a ɗora sai ya yi mako uku.

Yashi ma yana gwada shi. Kwalba, a zuba yashi rabi, a cika da ruwa da ɗan gishiri, a girgiza, a ajiye awa uku. Laka za ta kwanta a saman yashin. In kaurinta ya wuce kashi 6 zuwa 8 cikin 100 na tsayin yashin, wannan ba na kankare ba ne. Laka tana lulluɓe ƙwayar yashi ta hana siminti kama ta. Yashin kogi mai kaifi na kankare da bulo, mai laushi na filasta, kada a musanya.

Mai Gidan Bulo:
Na yarda. Na Islamiyya a buga shi a filin, kwamiti ya sa mai ƙirga buhu. A ajiye simintin a kan katako, nesa da bango, kada a jibga fiye da buhu 10 a tsaye. Wanda ya yi ƙulalai masu tauri da ba sa murjewa a hannu, ya sha danshi, kada ya shiga linta.

Ɗan Kwangila:
Allah Ya jiƙan Baba, kuma iyayena ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ba wanda ke musun ingancin aikinsa. Amma mu faɗa wa yara masu tasowa gaskiya. Baba yana aza bulo 70 ko 80 a yini, matashi mai ƙarfi yana aza 130. In da ƙirgar bulo ake biya, wa ya ci riba? Ya yi shekara sama da hamsin yana gina wa mutane gidaje, ya rasu a ɗakin ƙasa da ya gada, maganin bayansa ma sai da aka haɗa. In wannan ne sakamakon yin aiki a tsanake, da wane baki za mu ce wa yaro ya yi koyi da shi?

Tsohon Birkila:
Ɗana, tambayarka ta cancanci amsa. Mu fara da bulo 130 ɗin. Ka je ka duba bangon da aka aza da irin wannan gudu kafin a rufe shi da filasta. Haɗin tsaye tsakanin bulo da bulo babu siminti a ciki, ana hango haske. Wani wuri haɗin sama ya faɗo kan na ƙasa, tsaga ta samu hanya miƙaƙƙiya. Ba a ja igiya a kowane jeri ba, ba a rataya ma'auni a kusurwa ba, bango ya yi ciki. Mai gida bai gani ba sai ranar filasta. Filasta mai kaurin rabin inci, a kwaɓin 1:4, buhu ɗaya yana rufe murabba'in mita 9 zuwa 10. In bango ya karkace sai an cike inci ɗaya, siminti ya ninka, filastar mai kauri kuma ita ce ke tsagewa ta ɓalle. Abin da aka rage a kuɗin birkila an biya shi sau biyu a shagon siminti. Baba ba ya ɗora fiye da jeri 5 ko 6 a yini a bango ɗaya, don na ƙasa ya kama kafin a danne shi.

Hajiya ta Kwamiti:
Ɗana, ba tsanaki ne ya bar Baba ba kuɗi ba. Bashi ne. Garin nan ƙarami ne, an san gidajen da aka tare a ciki, aka yi biki aka yi suna, cikon kuɗin magini bai fita ba har yau. Kunya ta hana shi zuwa ƙofar mutum sau biyu. Sannan duk ƙarshen damina akwai zawarawa da tsofaffin da katangarsu ta faɗi, shi ne ke zuwa da yaransa bayan La'asar su tayar, ko goro ba ya karɓa. Wannan ba asara ba ce, ya tarar da ita a inda ya je. Amma na farkon haƙƙi ne, kuma yanzu na marayu ne.

Ni tambayata ta ruwa ce. Matan unguwa sun ce su za su ɗauki nauyin shayar da ginin. Sau nawa, har kwana nawa?

Injiniya:
Hajiya, Allah Ya saka musu da alheri, aikin da suka ɗauka ba ƙarami ba ne. Siminti ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, kuma haɗuwar tana ci gaba kwanaki. A kwana 7 kankare yana kai wa kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, a kwana 28 ake lissafin ya cika. Yanzu hunturu ne, iska busasshiya ce, tana zuƙe ruwa cikin awoyi kaɗan. A fara yayyafi da zarar saman ya yi taurin da ruwa ba zai wanke shi ba. Safe, rana, yamma, kwana 7 aƙalla, in an kai 14 ya fi. A jiƙa buhunan siminti da aka zazzage ko tsofaffin buhunan algarara a lulluɓe saman, su riƙe danshi. Katakon gefe ana iya cire shi bayan kwana 2, amma na ƙarƙashin ƙofa da taga da sandunan da suka tokare shi su kai kwana 14. Ruwa kuma na sha ne, ba na kwata ko mai kanwa ba.

Ɗan Kwangila:
Hajiya, na karɓi gyara a kan bashi. Amma har yanzu ina nan a kan cewa biya da ƙirgar bulo shi ke haifar da gudu. Mai gida da ke son aikin Baba, ya biya da yini ko da mataki, ya kuma biya a kan lokaci.

Tsohon Birkila:
A nan kam bakinmu ɗaya.

Magajin Magina:
Kun yi ta maganar siminti, kada a manta rabin ilimin Baba na ƙasa ne, kuma wannan rabin shi ne ya tafi ba tare da magaji ba. Yana cikin 'yan ƙalilan da suka rage a yankin nan masu iya ɗaurin guga, irin bakan da ke riƙe rufin soro mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. Sana'ar ce ta Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, ita ce kuma ake gani a Gidan Makama a Kano.

Ga yadda yake ginin ƙasa. A haƙo jar ƙasa mai ɗan tsakuwa, a jiƙa, a tattake da ciyawa yankakkiya, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake tattakewa. Ƙasar da aka kwaɓa yau aka gina yau, tsagewa take. A mulmula tubali a shanya har ya bushe sarai. Wajen ɗorawa, gindinsa mai faɗi a ƙasa, tsininsa a sama, a jefa kwaɓi da ƙarfi ya shige tsakani. Bango kauri a gindi, yana sirancewa yana hawa, kuma ba a ɗora sabon jeri sai na ƙasa ya sha iska. Azara ta giginya ce, namiji ya fi, gara ba ta cika cin ta ba. Amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta wuce kamar ƙafa 6, shi ya sa ake fara gicciya ta a kusurwoyi a rage faɗin ɗaki, ko a fito da ita daga bango mataki-mataki. Saman soro a karkata shi zuwa indararo, indararo kuma ya yi tsawon da ruwa zai faɗi nesa da gindin bango. Yawancin soron da ya rufta, ba ruwan sama ne ya fi ƙarfinsa ba, indararo ne ya toshe ba a duba ba.

Yaɓe da makuba, ɓawon ɗorawa da aka jiƙa aka kwaɓa ƙasa da ruwansa, a sabunta bayan 'yan damina. Rufi da laso, haɗin katsi daga marina da gashin jima da dafara. Bangon gabas kuma shi yake fara dubawa a kowane gida, domin ta nan hadari ke tasowa, shi ke shan dūkan ruwa.

Mai Koyo:
Malam, me ya sa filastar siminti ke ɓallewa daga bangon ƙasa falle-falle? Ana yi don a kare bango, sai ta zama ita ce matsala.

Magajin Magina:
Siminti ba ya kama ƙasa, jingina kawai yake. Ƙasa tana kumbura da damina ta tsuke da rani, siminti ba ya bin ta, sai su rabu. Ruwa ya shiga ta tsagar sama ko ya taso daga gindi, ya rasa hanyar fita, ya jiƙa bango a ɓoye. Daga waje lafiya lau, ciki ya zama taɓo. Marigayi in an matsa sai an yi, yakan kankare bangon, ya kafa tsakuwa ko ƙusoshi, ya shimfiɗa ragar waya, ya yi kwaɓi marar ƙarfi, buhu 1 ga yashi kwanon sarki 16 ko fiye. Ya rufe kan katanga da kyau, ya yi dakali a gindi mai gangara waje.

Kafinta:
Allah Ya jiƙan Baba, kafintoci sun yi rashin abokin aiki. Bangonsa in ka ɗora katako ba ka neman abin cusawa a ƙarƙashi. Abin da nake roƙon wanda zai ƙarasa: kada a manta langa-langa, siririn ƙarfen da ake ɗaure katakon rufi da shi. Baba tun a linta yake dasa ta, ko rodi mai 6, duk ƙafa 4, ta bi ta cikin bulo ta fito sama a naɗe katako da ita. Guguwar farkon damina ba danna rufi take ba, ɗaga shi take. Makarantun da ake gani iska ta yaye musu rufi gaba ɗaya, in ka duba, katakon a jerin ƙarshe kaɗai aka ɗaure shi, ya tashi da bulon.

Faɗin ƙafa 20 yana son firam mai kusurwa uku duk ƙafa 4, wajen 13. Katakon kwance inci 2 da 6, rafta da tokare 2 da 4, wanda ake buga kwano a kai 2 da 3, tazarar ƙafa 3. Katako ƙafa 12 yake zuwa, dole a yi haɗi: a dafa shi da guntaye ta fuska biyu, kada haɗin duk firam ya faɗo a layi ɗaya. A shafe shi da maganin gara ko baƙin mai kafin a hau da shi, har bakin da aka yanke. Ƙusar kwano a kan tudu ake buga ta, ba a kwarin da ruwa ke bi ba. Baki ya fito ƙafa 2 ya kare bango.

Malamin Islamiyya:
Allah Ya saka wa kowa. Saura lissafi. Jingar da aka yi da Baba ta mataki ce, an ba shi wani abu a gaba. Hanya ita ce a samu masu sana'a biyu adilai, ɗaya daga ɓangaren kwamiti ɗaya daga iyalansa, su auna abin da ya gina su yi masa kuɗi bisa yarjejeniyar farko. In aikin ya fi abin da ya karɓa, ciko ya shiga dukiyar gado. In abin da ya karɓa ya fi, bashi ne a kansa, sai dai kwamiti ya yafe, kuma kwamiti ya riga ya ce ya yafe in hakan ta kasance. Kuɗin leburorinsa na kwanakin ƙarshe a fara fitar da shi. Tsarin shi ne hidimar jana'iza, sannan bashi, sannan wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sannan rabo, kamar yadda ayoyin gado a Suratun Nisa'i suka gabatar da wasiyya da bashi. Kayan aikinsa, cokali, baro, shebur, katakon zubi, duk gado ne. Yaransa na aiki kada su raba a tsakaninsu sai magada sun ba su ko sun sayar musu.

Ga waɗanda Hajiya ta ambata kuwa: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Mutuwar mai haƙƙi ba ta goge haƙƙi. Ba za a kira sunan kowa a zauren nan ba. Wanda ya san akwai, ya kai wa Liman a asirce, ko da kaɗan-kaɗan ne.

Ma'aikacin Lafiya:
Maganar Ɗan Kwangila kada ta wuce haka nan. Buhu kilo 50 ne, bulo mai inci 9 mai kyau ya haura kilo 20, mutum yana sunkuya yana ɗagawa shekara da shekaru. Ƙarshensa ciwon baya, gwiwa, ƙaba. Ɗanyen siminti yana ƙona fata, ƙurarsa tana taruwa a huhu. Safar hannu, takalmin roba da abin rufe hanci, kwamiti ya sa su cikin lissafi. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 da hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa tana aiki ne inda mai ɗaukar aiki ya yi rajista yana zubi, maginin gari kuwa yawanci ba shi da wannan. Amma tun 2019 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu, ana zubawa gwargwadon hali. Ko ba wannan, maginan gari su yi asusun ciwo, kowa ya ajiye kuɗin bulo biyu a yini.

Mai Kula da Zaure:
Mun gode ƙwarai. Ga abin da aka tsayar. Asabar bayan sallar Asuba, Tsohon Birkila da wakilin iyali za su auna aikin. Babban yaron Baba na aiki shi zai ja ragamar ginin, Injiniya zai duba rodi kafin a zuba. Za a fara buga bulo 430 a filin ginin a makon nan don ya samu mako ukunsa. Siminti na linta, bulo da ɗorawa ya kama wajen buhu 40, ban da filasta. Mai ba da gudummawa, buhu ko tifar yashi ko yinin aiki, ya ga ma'ajin kwamiti.

Tsohon Birkila:
Ranar zubi a share saman jeri na tara a jiƙa shi, a toshe ramukan bulo da takardar buhu don kankare kada ya tsiyaye ciki. A tara leburori isassu da ganga biyu ta ruwa tun daren, domin zagayen duka a yini ɗaya ake son zuba shi. In dole ta sa aka tsaya, a tsaya a kan bango, ba a kan taga ba.